Abin da Na Yanke daga Maganar Sarkin Noma

Madarumfa, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da gwaggonki Hajo da duk mutanen gidanta a Maraɗi. Allah ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, ya sauke ki Yamai lafiya, ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutum. Ni lafiya lau nake, in ban da ƙafar nan da kika sani.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Tafki yana nan, albasa tana nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takardar da kika rubuta wa gidan talabijin ta neman koyon aiki, wadda kika bar mini kwafinta don in ji daɗi. Na karanta, na ji daɗin faransancinki, har na kai inda kika ce kina so ki zama irin mahaifinki da aka kora saboda gaskiya, ba irin masu sayar da garinsu a kan riga ɗaya ba. Ba ki kama suna ba, amma na san da wa kike. Da kakanki kike, Sarkin Noma, uban innarki, wanda shekara takwas ke nan ba ki taka ƙofar gidansa ba.

Uwani, kakanki bai sayar da kowa ba. Ni na shafa masa wannan baƙin, da hannuna, ina cikin hankalina. Motarki ranar Litinin za ta tashi, shi kuma tsohon, yadda na gan shi, da wuya ya ga wata damina. Ina so ki je ki gan shi kafin ki tafi. Na san ba za ki je ba sai kin ji dalili, na kuma san in kin ji dalilin ba lallai ki sake kallona da mutunci ba. Na kasa faɗa miki baki da baki, shi ya sa na rubuta.

Kin san da koyarwa na fara, kafin a ɗebi wasunmu masu jin Hausa da faransanci a kai mu talabijin. Shekara goma sha biyar na yi ina shirya shirin al'amuran jama'a na ranar Alhamis. Ba ni ake gani a akwati ba. Akwai mai gabatarwa, mai daɗin murya da doguwar hula, shi mata suke leƙe in mun shiga kasuwa. Nawa aikin shi ne in zaɓi garin da za a je da wanda za a miƙa wa mikro, sannan in koma Yamai in shiga ɗakin montaj, inda ake yanka hoto a haɗa, in mai da maganar yini guda ta zama ta minti ashirin da shida. Wannan aikin za ki koya. Mai kallo yana zaton ya ji abin da mutum ya faɗa ne, alhali abin da mai shiri ya bari kawai ya ji.

Kuskurena na farko shi ne son tarba. Motar aiki ta shiga ƙauye, a yanka kaza, a shimfiɗa sabuwar tabarma, mai gari ya miƙe tsaye. Ni ɗan masu kamun kifi, wanda ya tashi da ƙarni a hannu, sai ga dattawa suna rige-rigen ba ni hannu biyu. Kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan. Na ɗauka ni ake girmamawa, ashe kamarar da Garba, mai ɗaukar hotonmu, yake saɓe da ita ake yi wa. Ranar da na bar aiki na gane haka, don ko kare bai sake tashi don ni ba. Ke in an tarbe ki, ki gode, ki ci kaɗan, ki tuna kazar nan wataƙila ita ce ta ƙarshe a gidan, kuma ba don kyan fuskarki aka yanka ta ba. Suna da magana ne da suke so ki kai musu inda ƙafarsu ba ta zuwa.

Akwai abin da na koya da wuri game da mutanenmu, wanda ba a koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Baƙauye ba ya fara magana da kukansa. Sai ya gai da hukuma, ya gode wa manya, ya yi wa shugaba addu'a, ya yaba abin da aka yi masa ko da bai taka kara ya karya ba. Sai ya gama wanke hanya tas, sannan ya numfasa ya ce ga abin da ke tafe da shi. Ladabi ne, kuma a zaure daidai ne, don a zaure babu mai tashi kafin ka gama. A talabijin kuwa wannan ladabin rami ne. Duk mai son ya nuna gari yana cikin daɗi, godiyar farko ta ishe shi. Saboda haka na saba, kafin a kunna kamara, in tsuguna kusa da mutum in ce masa: "Baba, fara da inda ke yi maka ciwo, godiyar mu yi ta daga baya." Wasu su yi dariya, wasu su ce rashin kunya ne, amma sukan yi. Na yi wa ɗaruruwan mutane haka. Mutum ɗaya ne ban yi wa ba.

Shekarar da tsutsa ta cinye gero a kan karansa, kina da goma sha uku. Ana rubuta garuruwan da za a kai wa taimakon hatsi, garin su innarki, can bayan garin Sarkin Yamma, bai shiga ba. Dalili kuwa, wani furoje na masu ayyukan raya karkara ya haƙa musu rijiya mai famfo a shekarar, a takarda sun zama garin da aka riga aka taimaka wa. Da aka sa ranar buɗe rijiyar, ni na roƙa a tura ni. Ba tausayi ya kai ni ba. So nake surukaina su ga motar aiki da kamara a ƙofar gidansu, su san ba ƙaramin mutum suka ba ɗiya ba.

Da labari ya kai musu talabijin za ta zo, gari ya taru ya zaɓi wanda zai yi magana da bakin kowa. Kakanki suka zaɓa. Ke ba ki san shi a lokacin ƙarfinsa ba. Mutum ne da ya taɓa yin dubu, wato ya noma dami dubu ya tara jama'a ya rabar, daga nan ya samu sarautar noma. Masu salla da masu bin al'adar kaka duk suna jin maganarsa. Kwana biyu suka yi suna jera masa abin da zai faɗa. Ni kuma, da yake ba a zuwa gidan suruki hannu sake, na tafi masa da goro da sabuwar farar riga. Da safe ya sa ta, don ya girmama ni.

A bakin rijiya kalangu da guɗa sun hana a ji komai, iska kuma tana dukan mikro. Garba ya ce murya ba za ta fita ba. Sai na sa aka kai tsohon cikin ajin lakwal, muka rufe ƙofa, mu uku. Nan ne ya kamata in tsuguna in gaya masa abin da nake gaya wa kowa. Amma kin san suruki. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa shan ruwa a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ta yaya zan koya masa yadda zai jera maganarsa? Na tsaya bayan Garba, kaina a ƙasa, na raɗa masa ya ce wa tsoho bismilla.

Ya fara yadda ya gada. Ya gai da shugaban ƙasa, ya gode wa masu rijiya, ya ce matansu sun huta da tafiyar ɗiban ruwa, ya yi addu'a. Wajen minti uku. Ya rufe baki, ya ɗan yi murmushi, ya gyara zama. Sannan ya ce:

"To, godiya ta ƙare, ga abin da anka aiko ni da shi. Rijiya ruwa gare ta, ba hatsi ba. Rumbunanmu babu ko zangarniya. Mata na jiƙa anza, ɗiyan iccen daji, kwana da kwanaki su ba ɗiya, don ɗacin ya hita. Irin da munka aje na baɗi mun cinye. Samari sun tahi Katsina, sun bar muna tsohi da ƙanana. In ba a kawo muna ɗauki kahin bazara ba, ruwan rijiyar ga na wankan gawa ne."

Ya yi ta yi, gida gida, yana faɗin wa ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, wa ya kwana uku bai ɗora tukunya ba. Ban taɓa ɗaukar magana mai kyan wannan ba. Garba da ya ga abubuwa da yawa a aikin nan, sai da ya share ido da hannun riga.

Abin da zan ce miki a nan shi ne, kada ki taɓa nuna kamara ga wanda ba za ki iya yi wa magana kai tsaye ba. Suruki, ko malaminki, ko wanda ya taɓa ciyar da ke. In dole ne, ki ba wani ya yi. Kunya aba ce mai kyau a gida, ni ma da ita aka raine ni, amma ranar nan ta hana ni faɗin 'yan kalmomin nan da za su ceci mutum.

Na koma Yamai da kaset. Lokacin sojoji ne ke mulki, ba a son jin kalmar yunwa a akwati. Kuma a satin nan aka liƙa sunayen waɗanda za a tura ƙasar waje ƙarin karatu na wata shida, sunana yana ciki, sai dai ba a sa hannu ba tukuna. Ina so ki karanta abin da ke biye da kyau. Babu wanda ya ce in yanke. Shef ɗinmu, wato shugaban sashenmu, bai ga kaset ɗin ba, bai tambaya ba, yana ma Damagaram a ranar. Ni kaɗai na zauna gaban injin yanka hoto, na saurari tsohon tun daga farko har ƙarshe sau biyu. Na komo inda ya gama godiya ya rufe baki ya yi murmushi, na ga wuri ne mai kyau na tsayawa, sai na tsaya. Na ɗora hoton mata suna buga famfo suna dariya. Na ce wa zuciyata sauran zan adana, in yi amfani da shi ranar da iska ta canza.

In an ce miki a aikin nan manya ne suke toshe baki, gaskiya ne, amma rabinta ce. Yawancin abin da aka yanke a zamaninmu mu muka yanke da kanmu, tun ba a tambaye mu ba, don a ce muna da hankali. Ke ki bari a hana ki. Ki haɗa shirinki yadda mutum ya faɗa, ki kai wa shef. In ya ce a cire, ya faɗa da bakinsa a gaban mutane, nauyin ya hau kansa. Kuma kada ki yaudari kanki da cewa ba ki ƙara wa kowa magana ba. Duk kalmar da ta fita a shirin nan daga bakin kakanki ta fito, ban sa masa ko ɗaya ba, amma ban taɓa yin ƙarya mai girman wannan ba.

A garinsu akwai akwatin talabijin na jama'a mai aiki da hasken rana, ana fito da shi gaban lakwal bayan magariba. Ranar Alhamis gari duka ya zo da tabarmi, har da waɗanda yunwa ta kwantar. Suka ga mutuminsu cikin sabuwar farar riga yana godiya, yana addu'a, ya rufe baki, ya yi murmushi. Sai mata suna dariya a bakin famfo, sai kiɗan rufe shiri. An ce kowa naɗe tabarmarsa ya yi. Tsohon ya miƙe ya ce: "Jama'a, na hwaɗi. Duk abin da kunka aike ni na hwaɗi." Wani daga baya ya amsa masa: "Mun gani da idonmu, Sarkin Noma. Ka gama, ka ruhe baki." Mutanen nan ba su san ana yanka hoto ba. A wurinsu akwatin kamar madubi yake, abin da ya tsaya gabansa shi yake nunawa.

Sai na ƙara ɓata abin da wautata. Zuciyata ta dame ni, na sayi buhun shinkafa na ba direban aiki ya sauke a ƙofar gidansa da rana tsaka. Gari yana cin anza, ga motar gwamnati tana sauke shinkafa gidan mutumin da ya yi godiya. Ya rabar da ita duka a ranar, amma magana ta riga ta zauna: riga kafin aiki, shinkafa bayan aiki. In kin cuci mutum, kada ki aika masa kyauta. Ki je da ƙafarki ki faɗi abin da kika yi, kyauta ba ta iya faɗa miki shi.

Taimako bai zo ba. Da bazara ta yi tsanani yara suka yi ta mutuwa, cikinsu har da biyu na Malam Nomau, ƙanen mai gari. Ba zan ce miki da na saki maganar da hatsi ya zo ba, ban sani ba. Wataƙila da an hana shirin, an hana ni tafiya, shi ke nan. Amma da mutanen sun san nasu ya yi magana. Da suna da wanda za su zaga a Yamai, ba tsohon da ke kwana tsakaninsu ba.

Na yi wata shidana a ƙasar sanyi, na dawo da kwat da takardar shaida. Da na zo Madarumfa hutu, Malam Nomau ya tako da ƙafa tun daga garinsu ya same ni a zaure. Ya ƙi zama kan tabarma. Ya kira ni Mushe, sunan da ake kiran malamin lakwal da shi. Ya ce: "Mushe, ku uku kunka shiga ɗakin nan. Shi ya ce ya hwaɗi, mu ba mu ji ba. Don Allah, ya hwaɗi ko bai hwaɗi ba?" Na gyara tabarau na ce: "Malam Nomau, talabijin ba ta ƙara wa mutum magana." Ya dube ni, ya ce ya gode, ya juya. Ban ma ba shi ruwa ba, na manta.

Irin amsar nan aikinmu yake koya wa mutum, amsar da in an kai ka gaban alƙali ba za a kama ka ba. Za ki ji masu ita da yawa, za su burge ki. Ki guje ta. Wanda ya tako da ƙafa ya tambaye ki i ko a'a, ki ba shi i ko a'a. Ni da na ce masa i a ranar, da abin ya ƙare da kunyar yini ɗaya.

Za ki ce ina kaset ɗin. Kaset ba ya isar mu a lokacin, in an gama shiri sai a shafe a ɗora wani. Ranar da na dawo daga hutun nan na ɗauko shi daga inda na ɓoye, na sa shi cikin na shafewa. Kokowa aka ɗauka a kansa. Garba bai taɓa tona ni ba, yana da iyali da yawa kuma ni ne shugabansa, amma daga ranar bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Yanzu duk duniya babu shaidar abin da tsohon ya faɗa sai bakina.

Innarki, Allah ya jiƙanta, sau ɗaya ta tambaye ni. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce: "Baba ya hwaɗi?" Na ce ina wajen inji, hankalina yana kan batir, ban ji duka ba. Ta ci gaba da tankaɗenta. Har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta sake kallon shirina ba. In lokacinsa ya yi sai ta ce za ta leƙa maƙwabta. Ina jin ta sani. Shekara biyar ta zauna da ni tana dafa mini abinci da wannan a cikinta, wannan ya fi komai ci mini rai.

Shi kuwa kakanki, daminar da ta biyo ya kira gayya, aka dama fura, ba wanda ya zo. Mutumin da ya ciyar da gari ya yi noma shi kaɗai da fartanya. Aka daina kiransa sulhu, aka daina kai masa iri ya duba. 'Yan mata suka sa shi a waƙar gaɗa, suna kiransa Mai Godiya. Ke kin ji waƙar da kika je hutu, kika dawo kina kuka, kika ce ba za ki sake zuwa gidan maci amana ba. Kin tuna abin da na yi? Na shafa kanki na ce ki yi haƙuri, tsufa ne. Kuma kunyar nan da ta hana ni magana a aji, ita ta zama maɓoyata. Ba wanda yake jiran suruki ya zauna da suruki su yi doguwar magana. In na je gaisuwa, in tsuguna daga nesa, in ce ina wuni, in tashi, mutane su ce Mushe akwai ladabi.

Saura labarin korar da kike alfahari da ita. Da aka buɗe jam'iyyu kowa ya samu baki, ni ma na samu. Na shirya muhawarori masu zafi, na sa ministoci gumi, matasan ma'aikata suna nuna ni da yatsa suna cewa ga jarumi. Jarumtar da ba ta da tsada ce, don a lokacin ko mai sayar da goro zagin gwamnati yake yi. Da mulki ya sake juyawa, sababbin manya suka zo da mutanensu, aka ba ni buro, wato ofis, mai tebur da kujera, babu kamara, babu kaset. Na yi shekara ina karanta jarida, na gaji, na tattara na dawo gida. Mutanen Madarumfa suka ce gaskiya ce ta kore ni. Sunan ya yi mini daɗi, na karɓa na yafa. Kada ki karɓi yabon da ba naki ba, ko da an kawo miki shi har gida. Ga shi ya kai ni inda ɗiyata take zagin mai gaskiya da sunana.

Ba zan ɓoye miki ba, ba ni da sauran fata a kan aikin nan. Shekara goma sha biyar ban san gari ɗaya da shirina ya cika wa rumbu ba, amma na san gidan da ya rushe. Yanzu ana buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, ana cewa zamani ya canza. Ni dai ban ga an canza zuciyar mai zama gaban inji ba. Da ina da bakin hana ki tafiya da na hana, sai dai wanda ya yi abin da na yi ba shi da wannan bakin. Wataƙila ke ki fi ni, innarki ta fi ni ƙashin baya kuma ita kika biyo.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan na karanta takardarki, na hau kabu-kabu na tafi garinsu. Na same shi kwance a inuwar rumbu, ido ya tafi, jiki ya zube. Na cire takalmi, na matsa kusa da shi yadda ban taɓa yi ba, na ce: "Baba, ni na yanke maganarka. Ba wanda ya sa ni." Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce: "Na sani tun ranar. Ni dai ban haɗiye ta ba." Na ce to me ya hana shi tona ni. Ya ce: "In ce ma gari mijin ɗiyata maƙaryaci ne, ita ta zamna ina?"

Na ce zan tsaya ƙofar masallaci in faɗa wa jama'a. Ya yi 'yar dariya ya ce: "Ka hwaɗa ma wa? Nomau ya mutu, mai gari ya mutu. Yaran yanzu sunan sunka gada, ba su san mahwarinshi ba." Duk da haka na je na tsaya bayan la'asar na faɗa. Mutum bakwai ko takwas suka saurara. Ɗaya ya ce Allah shi kyauta, wani ya tambaye ni ko zan iya gyara musu akwatin, ya shekara uku ba ya kamawa. Gaskiyar da na riƙe shekara takwas, da na sake ta ba ta tarar da masu ita ba.

Da na koma yi masa sallama, ya laluba ya kama hannuna. Kin san ke yake kira amaryarsa tun kina goye. Ya ce: "Amaryata hwa? An ce za ta Yamai. Ta san wagga magana?" Na ce ba ki sani ba. Ya ce: "To, bar ta haka. Ta riga ta saba da rashin kaka. Kada ka sa ta tahi babu uba."

Kwana biyar ina juya maganar nan, yau na saɓa masa. Ban san ko daidai na yi ba, na dai san ba zan iya barinsa ya sake biya mini bashin laifina ba. Ranar Asabar akwai mota daga Maraɗi zuwa Sarkin Yamma, daga nan ba za ki rasa amalanke ba. Ba sai kin kai masa komai ba. Ki zauna kusa da shi, ki faɗi sunanki da ƙarfi don kunnen ma ya yi nauyi. In ya fara da gaisuwa da godiya kada ki katse shi, ki jira, yana da magana a baya.

Akwatinki da takardun lakwal ɗinki na ba direban da zai kawo miki wasiƙar nan, don kada ya zama dole ki biyo ta Madarumfa. In kin biyo, ina lambu. In ba ki biyo ba, ba ki yi laifi ba, kuma ba zan tambayi gwaggonki dalili ba.

Allah ya kiyaye hanyarki, ya tsare ki a garin da ba ki da kowa. Allah ya haɗa ki da shugabanni masu tsoronsa, ya ba ki abin da ya hana ni ranar da na zauna gaban inji. Ya jiƙan innarki, ya sa ki tarar da kakanki da rai. Ki gai da Hajo da yara.

Wassalam.

Babanki.